Shekara Sittin Ana Neman Garkuwar Ido

Daren 29 ga Maris 2022, masoya ƙwallo a Najeriya suna cikin juyayin yadda Ghana ta hana Super Eagles zuwa gasar cin kofin duniya a filin wasa na Abuja. A daidai lokacin, can a Diamniadio kusa da Dakar, Mohamed Salah ya ajiye ƙwallo zai buga fenareti a wasan Masar da Senegal. Duk wanda ya kalli wasan ya ga fuskarsa ta koma kore shar, saboda hasken leza da 'yan kallo ke dallara masa ta ko'ina. Ya buga, ƙwallo ta tashi sama ta wuce raga. Senegal ta tafi Qatar, Masar ta koma gida, daga baya FIFA ta ci tarar hukumar ƙwallon Senegal.

Kusan shekara 62 kafin wannan dare, leza ɗaya tak ke akwai a duniya. Theodore Maiman ne ya kunna ta ranar 16 ga Mayu 1960, a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke Malibu a jihar Kalifoniya. Ɗan guntun yaƙutu ne aka zagaye shi da fitila mai walƙiya irin ta masu ɗaukar hoto. A farko mutane sun rasa abin da za a yi da ita, har ana cewa magani ne da ke neman cuta. Yanzu da ita ake yanka ƙarfe, a gyara ido a asibiti, a aika saƙonnin intanet ta cikin zaren gilashi a ƙarƙashin teku, a karanta farashin kaya a kanti. Kuma ta sauko har hannun yara. Na sha ganin 'yar tocilar nan ta leza rataye da makulli a tiren masu talla, kusa da batir da abin yanke farce, yaro ya saya da kuɗin tara ya riƙa bin bangon unguwa da jan ɗigo, wani lokaci ya ɗora shi a fuskar ɗan'uwansa.

Duk tsawon waɗannan shekaru akwai wani aiki da ke gudana a gefe, wanda ba kasafai yake shiga labarai ba, wato neman abin da zai tsaya tsakanin wannan haske da ido. Ina bin labarin wannan nema da sha'awa, wani lokaci da ɗan takaici, domin ya fi yadda ake zato wuya.

Wahalar ta faro ne daga halittar idon kansa. Aikin ido shi ne tattara haske. Abin da ya shigo ta ƙwayar ido, wadda faɗinta kan kai milimita 7 a cikin duhu, ana matse shi ya sauka a kan siririn tantanin da ke bayan ido. Hasken fitila ko na rana da ya faɗa kan bango yana zuwa a warwatse, sai ya bazu a kan tantanin. Na leza kuwa a miƙe yake zuwa, duk ya fuskanci wuri ɗaya, don haka ido kan dunƙule shi a ɗigon da bai kai kaurin gashi ba. Ƙarfinsa a wannan ɗigo kan ninka har sau 100,000. Ga shi tantanin ba shi da jijiyar jin zafi, mutum zai iya ƙonewa a can ciki bai ji komai ba, sai daga baya ya lura da wani baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla. Idan ƙunar ta sami tsakiyar tantanin, inda muke karatu da gane fuskoki, sau da yawa ba ta gyaruwa.

Allah ya ba ido kariyarsa, wato ƙiftawa da kawar da kai. Masana sun ƙiyasta wannan yana ɗaukar kimanin kwata na sakan, kuma a kan wannan ƙiyasi aka gina dokokin rarraba leza aji-aji: wadda ba ta wuce miliwat 1 ba ana ganin ƙiftawa ta isa ta kare mutum daga gare ta, a Amurka kuma ba a yarda tocilar nuni ta wuce miliwat 5 ba. Amma ƙiftawa tana da gurbi biyu. Akwai hasken da ke bayan launin ja, wanda ido ba ya gani amma yana tattara shi kamar sauran, har zuwa tsawon zango na nanomita 1400. Ba wanda ke ƙifta wa abin da bai gani ba. Sannan akwai lezar da ba ta kwararo haske a jere, tara shi take yi ta sake shi bugu ɗaya cikin kashi 5 ko 10 cikin biliyan na sakan. Kafin saƙo ya tashi daga ido zuwa ƙwaƙwalwa an riga an gama ɓarna.

Garkuwar farko da aka yi, kuma har gobe ita ce a fuskar ma'aikatan ɗakunan bincike da asibitoci, tabarau ne mai rini ko mai shafe-shafe da ke tare launi guda. Yana aiki sosai. Akwai wanda cikin kashi 10,000 na hasken da aka ƙera shi dominsa, kashi ɗaya kawai yake bari ya wuce. Sharaɗinsa dai sai ka san launin da zai zo maka. Tabaran da ke tare kore ba ruwansa da ja. Likitan da ya san na'urarsa ba shi da damuwa, amma matuƙin jirgin da ke sauka da dare, ko sojan da ke duba madubin hangen nesa, ba wanda zai gaya masa da wane launi za a harbe shi. In kuwa aka ce a tare dukkan launuka, an koma gidan jiya. Dubi mai walda a bakin titi: yana riƙe da baƙin gilashinsa a hannu ɗaya, sai ya ɗaga shi ya saita bakin ƙarfen, ya mayar ya kunna wuta, ya sake ɗagawa ya duba. Gilashin da ke kare shi daga walƙiya shi ne ke hana shi ganin aikinsa. Shi ya sa da yawa ke haƙura da tabaran rana na kasuwa, dare ya yi su kwana da ido ja yana zubar da hawaye kamar an watsa masa yashi.

An yi ƙoƙarin yin gilashin da ke sauya kansa. A shekarun 1960 kamfanin Corning ya fito da gilashin da ke duhu idan an shiga rana, irin wanda masu tabaran likita suka sani, sai dai yana ɗaukar sakanni masu yawa kafin ya rufe. A farkon shekarun 1980 aka fara sayar da hular walda mai gilashin lantarki daga Sweden, wadda ke hango walƙiya ta rufe cikin ɗan kashi na sakan da ido ba zai lura ba. Wannan ci gaba ne na gaske ga masu walda. Ga bugun leza kuwa, ta makara sau dubbai. Duk abin da zai jira na'ura ta ga haske, ta aika saƙo, sannan wani abu ya rufe, ya riga ya sha kashi. Dole hasken da ya kawo harin ya zama shi ne zai rufe ƙofar da kansa, kuma a cikin bugun farko.

Wannan tunani ya girmi yawancin masu aiki a kansa a yau. Tun 1967 wasu masana 'yan Brazil, Rogério Leite da Sérgio Porto, tare da abokin aikinsu T. C. Damen, suka nuna cewa idan leza ta ratsa wani ruwan sinadari takan ɗumama shi, ruwan ya baza hasken, ta yadda komai ƙara ƙarfin da aka yi abin da ke fita ta ƙaramar kafa ba ya ƙaruwa sosai. A wannan shekara kuma, a ɗakin binciken Hughes inda aka haifi lezar, aka lura da wasu rini masu halin ban mamaki. Yawancin rini idan haske ya yi musu yawa ƙoshi suke yi, su bar saura ya wuce. Waɗannan kuwa akasin haka suke. Ƙwayar rinin idan tana zaune haske kaɗan take sha, amma da zarar ta sha na farko ta hau wani mataki, sai shanta ya ninka. A hasken yau da kullum ƙwayoyi ƙalilan ne ke hawa matakin, don haka ruwan garau yake. Idan bugu mai ƙarfi ya zo sai su hau gaba ɗaya, gaban bugun ya tashe su, su kuma su shanye bayansa.

Daga nan labarin ya zama na sauyin kaya, kusan kowace shekara goma da gwaninta. An yi zamanin rini, musamman dangin shuɗin rinin nan da ake kira fitalosayanin, wanda aka gano yana ƙara ƙarfi idan an dasa ƙarfe mai nauyi kamar indiyam ko darma a tsakiyarsa. An yi zamanin baƙin gawayi, wato garin kabon da aka dama a ruwa, kusan tawada. A 1985 Harold Kroto da Robert Curl da Richard Smalley suka gano ƙwayar kabon mai zarra 60 da ke da siffar ƙwallon ƙafa, a 1992 kuma Lee Tutt da Alan Kost suka nuna ruwanta na rage ƙarfin bugun leza. Ƙarshen shekarun 1990 aka koma kan siraran bututun kabon. Wani abu da ya sa wannan kasuwa ta cika shi ne hanyar gwaji mai sauƙi da Mansoor Sheik-Bahae da Eric Van Stryland da abokan aikinsu suka fito da ita a Jami'ar Central Florida wajen 1989 zuwa 1990. Ana tattara leza da madubi, a ɗora 'yar kwalbar gilashi mai kaurin milimita ɗaya ko biyu a kan layin dogo, a riƙa matsar da ita sannu a hankali har ta ratsa wurin da hasken ya fi tsukewa, ana auna abin da ke fita ta baya. In layin da ke kan kwamfuta ya nutse a tsakiya, abin yana tare haske. In ya yi tozo, buɗewa yake yi. Kusan duk labarin sabon abin kare ido da za ka ji a yau, daga irin wannan layi ya fito.

Sai 2004, lokacin da Andre Geim da Konstantin Novoselov a Jami'ar Manchester suka ɓare girafait, wato baƙin da ke cikin fensir, da salatif, suna ɓarewa suna sake ɓarewa har suka kai ga shimfiɗa mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya. Ita ce girafin, wadda ta kai su ga kyautar Nobel a 2010. Milimita ɗaya na girafait ya ƙunshi irin wannan shimfiɗa kimanin miliyan 3. A 2008 aka auna aka ga shimfiɗa ɗaya tana shan kashi 2.3 cikin ɗari na hasken da ya ratsa ta, kuma abin da ya fi jan hankalin masu neman garkuwa shi ne ba ta zaɓen launi. Ja da kore da shuɗi da wanda ido ba ya gani, duk kusan ɗaya ta ɗauke su. Tsohuwar matsalar tabarau mai launi guda ke nan aka ga alamar maganinta.

Salatif ba zai cika kwalba ba. A Kwalejin Trinity da ke Dublin ne Jonathan Coleman da tawagarsa suka nuna a 2008 cewa za a iya zuba garin girafait a wani ruwan sinadari, a girgiza shi da sautin da kunne ba ya ji, ya rarrabu falle-falle. Shekara guda bayan haka, tare da Werner Blau da Jun Wang, suka harba wa wannan ruwa mai ruwan toka leza kore da kuma wadda ba a gani, duka biyun ya rage musu ƙarfi. Yadda abin ke faruwa yana da daɗin sani. Fallen girafin kan sha hasken ya yi zafi nan take, ruwan da ke manne da shi ya tafasa, ƙananan kumfa su cika hanyar. Kumfan ne ke tarwatsa ragowar bugun ta kowane gefe, kamar yadda hazon hunturu ke cinye fitilar mota a hanyar Kano zuwa Katsina, ka ga haske ya cika sarari amma bai isa inda aka nufa da shi ba. Bugun na wucewa kumfan su lafa, ruwan ya sake washewa. A 2011 wata tawaga a Jami'ar Ƙasa ta Singapore ta ba da rahoton cewa idan aka ware fallayen ɗai-ɗai aka hana su haɗuwa, suna fara tare haske tun daga milijul 10 a kan murabba'in santimita, alhali suna barin kashi 70 cikin ɗari na hasken yau da kullum ya wuce. A lokacin wannan ya zarce abin da aka saba gani daga ƙwallon kabon da baƙin gawayi.

Ƙofa ta buɗe, 'yan'uwan girafin suka biyo baya. Akwai molibdinam disalfaid, wanda makanikai ke shafawa ba su sani ba, domin shi ne ke cikin baƙin giris ɗin da ake cusa wa gaɓar shaf ɗin mota. Santsinsa ma daga nan ya samo asali, fallayensa ne ke zamewa a kan juna. Akwai dangin da aka gano a Jami'ar Drexel ta Amurka a 2011, waɗanda ake kira MXene, da baƙin fosfaras da ya yi tashe daga 2014. Wasunsu na tare haske ta wata hanya da Maria Goeppert-Mayer ta yi hasashenta tun 1931, ba a kuma gani da ido ba sai 1961 bayan samuwar leza: abu ya haɗiye ɗigon haske biyu a lokaci guda, alhali ɗaya-ɗaya ba ya iya shan su. Wannan hanya ba ta jiran zafi ko kumfa, don haka ita ce mafi sauri.

To, da haka sai a ce an gama? Da sauran rina a kaba, kuma a nan nake ganin ya kamata masu kawo mana labarin kimiyya su riƙa faɗin gaskiya duka.

Girafin fuska biyu gare ta. Idan aka shimfiɗa ta busasshiya aka harba mata bugu gajere sosai, ƙoshi take yi ta ƙara buɗewa. Tun 2009 masu ƙera leza suke amfani da wannan hali nata wajen samar da bugu mafi gajarta, wato abin da ake fata ya zama garkuwa shi ne kuma ke wasa makamin. Wace fuska za ta nuna ya danganta da tsawon bugun, da ƙarfinsa, da abin da aka zuba ta a ciki. Sannan kyawawan sakamakon da yawa a cikin ruwa aka same su, kuma rabin aikin ruwan ne ya yi. Ba wanda zai rataya kwalbar sinadari a fuska. Ruwa na daskarewa, yana ƙafewa, fallayen na taruwa su kwanta a ƙasa. In an daskarar da su cikin roba ko gilashi babu sauran kumfa, kuma bugu mai ƙarfi kan bar tabon ƙuna na dindindin. Baƙin fosfaras kuwa iska da laima kaɗai sun isa su lalata shi cikin kwanaki.

Babban giɓin yana cikin lissafi. Iyakar abin da dokokin kariya suka yarda ya shiga ido daga gajeren bugu na hasken da ake gani bai kai maikurojul 1 a kan murabba'in santimita ba. Milijul 10 ɗin da aka yi murna da shi a Singapore ya ninka wannan fiye da sau 10,000. Ma'ana, da za a shafa abin a kan tabarau kai tsaye, hasken da zai makantar da mutum zai wuce ta cikinsa ba tare da ya motsa ba. Yana aiki ne kawai idan an sa shi a wurin da madubi ya riga ya tattara hasken, kamar cikin madubin hangen nesa ko cikin kyamara. Ita kuwa tocilar da aka haska wa Salah ba ta ma shiga wannan lissafi. A jere take kwararo haskenta, da ƙarfin da bai kai ya tashe waɗannan fallaye ba, su da ke bukatar miliyoyin wat a kan murabba'in santimita cikin ƙiftawar bugu. Amma ta isa ta dushe ganin matuƙin jirgi. Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta karɓi rahoton haska wa jirage leza sau 384 a 2006, a 2023 kuwa sau 13,304. A Fabrairun 2016 wani jirgin Virgin Atlantic da ya tashi zuwa New York sai da ya juyo Heathrow saboda an haska idon ɗaya daga cikin matuƙansa. Abin da ke kare waɗannan mutane a yau doka ce, da ɗauri, da tabarau mai tare kore irin na da.

Wannan ne ya sa hankalina ya fi tashi a kan tocilar da ke tiren mai talla. A 2013 cibiyar awo ta gwamnatin Amurka, NIST, ta gwada irin waɗannan tocila 122, ta tarar kusan kashi 90 cikin ɗari na korayen sun saɓa ƙa'ida. Koriyar tocila daga hasken da ba a gani take samo korenta, kuma masu araha sukan zo babu 'yar matatar da ke tare ragowar wancan hasken. Rubutun da ke jikinta ba abin dogaro ba ne. Uban da ya karɓe ta daga hannun ɗansa ya yi wa idon yaron abin da har yanzu girafin ba ta iya yi masa ba.

Duk da haka ban ɗauki shekarun nan a matsayin asara ba, domin wanda ake karewa ma ya sauya. A 1995 ƙasashe suka amince a Vienna da yarjejeniyar haramta makaman leza da aka ƙera musamman don makantar da mutane, ta fara aiki a 1998. Yarjejeniyar ba ta hana harbin na'urorin gani ba. Kuma na'urorin gani sun cika duniya: a tauraron ɗan'adam, a jirage marasa matuƙa, a bakin ƙofofi, a bayan kowace waya. Har wani sabon haɗari ya ɓullo wanda ba na yaƙi ba. Wasu motocin zamani na auna hanya da leza mai tsawon zango na nanomita 1550, an zaɓe ta ne domin ruwan da ke gaban idon mutum yana shanye ta kafin ta isa tantani. Kyamara ba ta da wannan ruwa, shi ya sa kamfanin Volvo ya gargaɗi mutane kada su kusanto da kyamarar waya kan na'urar da ya ɗora a saman motarsa EX90.

A cikin kyamara, abubuwan da suka hana fallayen nan zama tabarau sun ragu. Madubi ya riga ya tattara hasken, kuma ya tattara shi ne daidai gaban farantin da ke ɗaukar hoto.  Wurin a rufe yake, babu iska babu laima. Abin da babu shi ne fili, domin kyamarar waya ko ta ƙaramin jirgi ba ta da inda za a sa kwalbar ruwa ko gilashi mai kauri. Shimfiɗar da ake auna kaurinta da nanomita za ta shiga wurin, kuma masana'antu sun riga sun iya shuka girafin da molibdinam disalfaid a kan faranti masu faɗi. Aikin da ya rage wa masu bincike shi ne su sa busasshiyar shimfiɗa ta yi abin da ruwan Dublin ya yi, ta kuma jure bugu na biyu da na dubu ba tare da ta ƙone ba.